Sarki Alhaji da Ruwan Goron Dutse: Aikin da Aka Gama Lokacin da Duniya Ta Tsiyace

A wannan fitowa na zaɓi in kawo mana tarihin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda Kanawa ke kira Sarki Alhaji, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Na san wani zai ce to kai ɗan Tambuwal, mai dangin uwa a Kebbe, me ya kai ka tarihin sarautar Kano? Dalilina biyu ne. Na farko, injiniyan gine-gine nake karantawa, kuma a zamanin wannan sarki aka yi aikin ruwan famfo da wutar lantarki da babu wata hukumar gargajiya a Arewa da ta taɓa yin irinsa kafin nan. Na biyu, an gama aikin ne daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, kuma da harajin talakawa aka yi shi. Irin wannan harajin kakanninmu na Tambuwal da Kebbe suka biya a waɗannan shekaru. Saboda haka duk wanda ya taɓa bin layin ɗibar ruwa da jarka kafin lacca ta ƙarfe takwas yana da ruwa da tsaki a wannan labari.

Haihuwa da tasowa

An haifi Abdullahi Bayero a Kano a 1881, a ƙarshen zamanin kakansa Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan Ibrahim Dabo. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas. Ya yi karatun allo da na littattafai kamar sauran 'ya'yan gidan. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka shiga yaƙin basasar Kano a 1893, tsakanin magoya bayan Sarki Tukur da Yusufawa, ɓangaren da mahaifinsa yake, kuma su suka yi nasara aka naɗa Aliyu Babba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Abbas, wanda yake Wambai a lokacin, shi ya komo da jama'a gida, Lugga ya naɗa shi sarki. Kun ga tun yana saurayi ya ga mulki ya juye har sau biyu a gabansa.

A zamanin mahaifinsa aka naɗa shi Ciroman Kano. A shekarun nan ne Turawa suka tilasta wa hakimai barin birni su koma zama cikin gundumominsu, su riƙa ƙidayar mutane da tara haraji da kansu. Ciroma Abdullahi ya riƙe ƙasashen da ke kewaye da birni, daga baya ya yi hakimcin Bichi. Yana hakimi jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Yana hakimi aka yi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Wato ya san yadda kuɗi ke shigowa ƙauye, ya kuma san yadda ƙauye ke zama idan rumbu ya ƙare.

Da mahaifinsa ya rasu a 1919 sarauta ba ta zo masa ba, baffansa Usman aka naɗa. Ya koma bakin aikinsa ya yi shekara bakwai yana jira. A 1926 Sarki Usman ya rasu, aka naɗa shi yana ɗan shekara arba'in da biyar. Da hawansa aka rage ƙarfin manyan bayin sarki da suka daɗe suna riƙe da al'amuran fada, aka raba aiki tsakanin 'yan majalisa: wannan ya kula da shari'a, wannan da gundumomi, wannan da birni, wannan da kuɗi. Wannan tsari shi ya ba da damar a ɗauki babban aiki a kuma san wanda za a tambaya idan ya lalace.

Inda kuɗin suka fito

Kafin mu je ga famfo sai mun fahimci Baitulmali. A farkon zuwan Turawa, idan an tara haraji da jangali, gwamnati ta ɗauki rabonta, sarki ya ɗauki nasa ya raba yadda ya ga dama. Wajen 1911 aka kafa Baitulmali a manyan masarautu, dabarar da Razdan Palmer ya fara gwadawa a Katsina. Daga nan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai duk suka koma kan albashi, ana rubuta kasafin kuɗi kowace shekara, abin da ya yi saura a yi aikin jama'a da shi ko a ajiye. Wannan hukuma ita ce iyayenmu ke kira En'e.

Da farko raba daidai ake yi tsakanin gwamnati da En'e. A 1928 aka ƙara wa manyan En'e-En'e rabonsu ya koma kashi 70 cikin 100. Baitulmalin Kano shi ya fi kowanne ƙarfi a Nijeriya, saboda yawan jama'a da cinikin gyaɗa da fata. Shekara da shekaru ana tara rarar kuɗi, ana kai su Landan a zuba a takardun bashin gwamnati suna kawo 'yar riba. Ku lura da wannan da kyau: kuɗin manomin Kano suna can suna yi wa wasu ƙasashe aiki, shi kuma yana nan yana shan ruwan kududdufi.

Ba wasa nake yi ba da na ce kududdufi. Kano a lokacin mutanenta ba su kai dubu ɗari ba, kuma ruwansu daga rijiyoyin cikin gida yake da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Rijiya ga ta kusa da masai, kududdufi kuma nan ake wanki, nan dabbobi ke sha. Kurkunu da atuni da zazzaɓi ba sa rabuwa da gari. Ikko ta samu ruwan famfo daga Iju tun 1915, amma wannan gwamnati ce ta yi wa hedikwatarta. Ba wanda zai ɗauko kuɗi daga Ikko ya yi wa birnin Kano. In za a yi, sai dai Kano ta buɗe asusunta. A ƙarshen shekarun 1920 sarki da majalisarsa suka yarda a buɗe.

Kasuwa ta karye

Ana cikin haƙa da shimfiɗa bututu, a watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi. Bankuna suka rufe, masana'antu suka tsaya, a Amurka sai da ya kai mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi. Turai ta rage sayen kayan gona. A wannan shekarar kuma manyan kamfanonin Turawa biyu da ke sayen amfanin gonarmu suka haɗe suka zama UAC, gasar ciniki ta ragu. Gyaɗar da ake sayen tan ɗaya wajen fam goma a ƙarshen shekarun 1920, a kakar 1933 zuwa 1934 ta faɗo ƙasa da fam uku. Auduga da fata da kiraga duk haka. Ga fari sun yi ta sauka shekara bayan shekara daga 1930.

A nan hanyar Amurka da tamu suka rabu, kuma wannan shi ne abin da nake so mu riƙe. Da Roosevelt ya hau mulki a 1933, gwamnatinsa ta ciwo bashi ta ɗauki marasa aiki tana biyan su lada su gina hanyoyi da gadoji da makarantu da gidajen waya da madatsun ruwa. Hukuma ɗaya kaɗai, WPA, wadda aka kafa a 1935, ta ɗauki mutum fiye da miliyan takwas kafin a rufe ta a 1943. A can matsin ne ya haifar da ayyuka. A nan kuwa matsin ne ya tsayar da su. Ƙa'idar mulkin mallaka ita ce kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta. Dokar raya ƙasashen mallaka da Ingila ta yi a 1929 fam miliyan ɗaya kacal ta ware a shekara ga daular gaba ɗaya, kuma babbar manufarta ita ce masana'antun Ingila su samu ciniki. Gwamna Cameron da ya zo a 1931 rage ma'aikata ya yi da tsuke bakin aljihu, aka kuma maido da rabon manyan En'e-En'e daga kashi 70 zuwa 60.

Shi ya sa in ka duba manyan ayyukan wancan zamani za ka ga duk an fara su ne tun kasuwa na da kyau. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda an gama shi a 1929. Na Kano zuwa Nguru a 1930. Gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932. Daga nan ba a sake wani babban layin dogo ba sai na Barno, wanda aka fara a 1958. Aikin ruwan Kano ya tsira ne don kuɗinsa suna ajiye tun kafin guguwar ta taso.

Ruwa da wuta

'Yan sashenmu za su ji daɗin tsarin aikin, don sauƙinsa ne ƙarfinsa. Kogin Challawa yana kudu da birni, tafiyar fiye da mil goma, wajen Panshekara. Da rani samansa bushewa yake yi, amma ƙarƙashin yashi akwai ruwa. Sai aka haƙa rijiyoyi cikin yashin kogin, yashin da kansa yana tace ruwan kafin ya shigo. Injina su ja shi su tura ta bututu har kan Goron Dutse, inda aka gina ma'ajiyar ruwa. Daga kan dutsen ba a bukatar wani inji, gangara kaɗai ta isa ta kai ruwa cikin gari. Tun da injinan turawa na bukatar wuta, sai aka gina gidan wuta a Challawa, abin da ya yi saura a kai gari. Dalilin da ya sa ruwa da lantarki suka zo Kano tare ke nan. An buɗe aikin a farkon shekarun 1930, kuma ya ci fiye da fam dubu ɗari uku. A lokacin da tan ɗin gyaɗa bai kai fam uku ba, ku yi lissafin tan nawa ke nan.

Sarki Abdullahi Bayero ba injiniya ba ne. Turawa suka zana, su suka kula da aikin, kayan kuma daga Ingila aka sayo su, wato wani kaso mai tsoka na kuɗin ya koma can. Leburori da magina da maƙera 'yan ƙasa su suka yi haƙa da ɗauka. To mene ne nasa a ciki? Nasa shi ne yarda a taɓa ajiyar da aka yi shekaru ana tarawa, da tsayawa a kai lokacin da kuɗin shiga ke raguwa, da kuma jawo jama'a su karɓa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin aiki ba ne. Mutanen da aka ci da yaƙi shekara talatin da suka wuce ba za su rungumi duk abin da Nasara ya kawo haka kawai ba. Da yawa sun yi ɗari-ɗari da ruwan famfo, kamar yadda suka yi da asibiti da makarantar boko. Abin da ya sassauta zukata shi ne ganin aikin na En'e ne, kuma sarkin da aka sani da tsoron Allah da riƙon addini yana gaba.

Haka aka yi da asibitin cikin birni, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1920 da gado 16. Shi ne yau ake kira Asibitin Murtala, wanda marasa lafiya ke zuwa daga jihohi da dama har da Nijar. A 1927 aka kafa Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. A 1928 aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci. A 1934, ana tsakiyar fatara, aka buɗe Makarantar Koyon Shari'a ta Arewa a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan don horar da alƙalai. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A cikinta aka fara kwalejin da aka sa wa sunan Abdullahi Bayero a 1962, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Duk ɗan uwanmu da ke shirin neman gurbin shiga aji biyu a BUK bayan ya gama difloma, to ga asalin sunan.

A 1934 ɗin nan ne kuma ya tafi Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman, suka gana da Sarki George na Biyar. A 1936 jiragen saman fasinja da wasiƙu suka fara sauka Kano a kai a kai ta hanyar Khartum. A 1937 ya yi aikin Hajji, shi ne Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan gado, daga nan sunan Sarki Alhaji ya bi shi. A wannan tafiya ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, haɗuwar da ta buɗe wa shehin ƙofar Kano.

Mu fa a Tambuwal da Kebbe?

Yanzu bari mu dawo gida. A waɗannan shekaru Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe gundumomi ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Harajinmu da jangalinmu Baitulmalin Sakkwato suke tafiya, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari har zuwa 1931, sannan Hassan ɗan Mu'azu har zuwa 1938, sannan Abubakar na Uku. Ƙasar Sakkwato ta fi ta Kano faɗi nesa ba kusa ba, amma jama'arta a warwatse suke, kuma jirgi ya tsaya a Ƙauran Namoda, inda yake tsaye har yau. Manomin Kebbe da ya noma auduga ko gyaɗa sai an yi dakon ta a jaki ko raƙumi, ko a kai kasuwar Jega. Kuɗin dako daga aljihunsa yake fita. Idan farashi ya faɗi a Kano, a wajenmu ya faɗi sau biyu.

Haraji kuwa da tsabar kuɗi ake biya, ba da dame ba. Shi ya sa cin rani ya ƙara ƙarfi a ƙasar Sakkwato: da an gama girbi samari su nufi Kurmi ko Gwanja neman kuɗin haraji. Da Ingila ta saki ma'aunin zinariya a 1931 farashin zinariya ya tashi, aka buɗe wuraren haƙa a Zamfara da Yawuri, wasu suka nufi can lebura.

Da irin wannan Baitulmali ba a maganar gidan wuta. Ayyukan da En'en Sakkwato ta iya su ne ƙanana a warwatse: hanyoyin mota na rani, ɗakunan shan magani, makarantun elemantare, da rijiyoyin da aka ɗaure da siminti, waɗanda ma'aikatar binciken ƙasa ta fara haƙawa a lardin tun ƙarshen shekarun 1920. Kada mu raina su. Ɗauki elemantaren Dogon Daji, nan cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. A farkon shekarun 1930 yara biyu suka zauna a cikinta: Ibrahim Dasuki, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988, da Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A elemantaren Yabo kuma, daga 1931 zuwa 1935, akwai wani yaro Shehu daga Shagari, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1979. Su ukun duk sun wuce Midil ta Sakkwato, inda Ahmadu Bello ya koyar daga 1931 zuwa 1934. Shi Malam Abubakar Gumi daga Midil makarantar shari'ar nan ta Kano ya tafi. Kun ga yadda ƙaramin aji a ƙasar Tambuwal ya haɗu da makarantar da aka buɗe a zamanin Sarki Alhaji.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce: birni ya ci, ƙauye ya biya. Wannan ba tsakanin Kano da Sakkwato kaɗai ba ne. A cikin ƙasar Kano ma, manomin Bichi ko na Rano da harajinsa ya sayi bututu bai ga famfo a ƙofar gidansa ba. Cikin birnin kansa wutar ta fi zuwa fada da ofisoshi da unguwar Turawa da kantunan kamfanoni, yawancin gidaje suka ci gaba da fitilar aci-balbal.

Wa ya ɗauki nauyin?

Ba zan yi wa Sarki Alhaji adalci ba in na tsaya kan yabo kaɗai. Kuɗin amfanin gona sun faɗi da fiye da rabi, amma haraji bai sauka daidai da haka ba. Dagaci yana tsoron hakimi, hakimi yana tsoron sarki, sarki yana da Razdan a kansa, duk nauyin kuma kan talaka yake sauka. Mutane sun sayar da akuya da hatsin ci don su biya, wasu sun bar garuruwansu. Aikin hanya da na bariki sau da yawa aikin tilas ne, sai a 1933 aka yi dokar da ta taƙaita shi, bayan yarjejeniyar ƙwadago ta duniya ta 1930. A Amurka aikin gwamnati ya sa kuɗi a aljihun talaka. A nan daga aljihun talaka ya cire.

Sarkin bai ƙirƙiro wannan tsari ba, kuma ba shi da ikon rushe shi. Duk sarkin da ya ja da Turawa ya san makomarsa, ga Sarki Alu can ya rasu a Lakwaja a 1926, shekarar da shi ya hau gado. Amma shi ne shugaban En'e, da sunansa ake karɓa, saboda haka yabo da zargi duk suna hawa kansa. Ƙorafin da ya taru a waɗannan shekaru shi ya fito fili a ranar 8 ga Agustan 1950, aka kafa NEPU a birninsa, jam'iyyar da ta sa zaluncin ma'aikatan En'e a gaba. Abin lura, da yawa daga waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya a makarantun En'e suka yi karatu. Harajin da ya matse iyaye shi ya koya wa 'ya'ya yadda za su tambayi inda aka kai shi.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka sake. Ingila ta ware fam miliyan 120 a dokar 1945 don raya ƙasashen mallaka cikin shekara goma, gyaɗa ta yi daraja, dalar gyaɗa ta tashi a Kano. A ƙarshen zamaninsa aka sake gina babban masallacin Juma'a na birni da ke kusa da fada. A farkon shekarun 1950 sabuwar hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta karɓi gidan wutar daga hannun En'e, ita ce ta rikiɗe ta zama NEPA a 1972. Da tsufa ya kama shi, yawancin aikin mulki ya koma hannun ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi. Ya ga rikicin Kano na watan Mayun 1953, ya rasu a watan Disamba na wannan shekara yana da shekara 72, bayan shekara 27 a kan gado. Sanusi ya gaje shi. Wani ɗan nasa, Ado Bayero, ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014.

Abin da ya shafe mu

Ni abubuwa uku na ɗauka daga rayuwar wannan bawan Allah, kuma duk sun shafi takardar da muke wahala a kanta.

Na farko, tanadi. An gama aikin Challawa ne don an tara kuɗinsa kafin a sa diga a ƙasa. Yau kowa a cikinmu ya san wani gini a garinsu da aka kai linta aka watsar, ko tankin ruwa da aka ɗora aka yi masa fenti, aka yanka kirtani, bai taɓa ɗigo ba. Gobe mu ne za mu riƙa rubuta ƙiyasin kuɗin aiki. Tambayar farko kafin ka sa hannu ita ce kuɗin suna ina, kuma za su kai ƙarshe?

Na biyu, tsari mai sauƙi da kulawa. Yashi ya tace, inji ya tura, dutse ya raba. Challawa har yau tana cikin wuraren da Kano ke samun ruwa, an yi ta ƙara mata sababbin sassa, musamman bayan madatsun ruwan da aka fara ginawa a zamanin Gwamna Audu Bako. Aiki ba ya shekara casa'in sai da masu gyara: mai ɗaure bututu, mai kula da inji, mai auna ruwa. Mu ke nan, 'yan difloma. Muna yawan jin haushin ana fifita mai digiri a kanmu, kuma ƙorafin yana kan hanya. Amma burtsatsen da ya mutu a ƙauyukan Kebbe saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya ba farfesa yake jira ba, ɗaya daga cikinmu yake jira.

Na uku, sanin mai kuɗin. Allon da ake kafawa a bakin aiki sunan mai mulki yake ɗauka, tarihi ma haka, shi ya sa wannan rubutu ke ɗauke da sunan sarki ba na leburan da suka haƙa ramin bututu daga Panshekara zuwa Goron Dutse ba. Amma mai kuɗin na ainihi shi ne wanda ya sayar da akuyarsa ya biya haraji. Yau ma haka ne, ko kuɗin mai ne ko na harajin kaya ko bashin da za mu biya nan gaba. Idan ɗan kwangila ya ce ka rage siminti a raba, ka tuna aljihun wa za a taɓa.

Ina da shawara ga 'yan uwa, musamman 'yan Tambuwal da Kebbe da Yabo da Shagari da Bodinga. In an tafi hutu, a tambayi tsofaffi ina rijiyar En'e take a garin, ina tsohuwar elemantare, ina ɗakin shan magani na farko. A auna, a ɗauki hoto, a rubuta shekarar in akwai ta a jiki, a duba wanne ke aiki, wanne ya rushe, kuma me ya rushe shi. Wannan ya isa aikin kammala karatu mai kyau, ya fi kwafo na wani daga intanet. Wanda ya samo wani abu ya kawo wa mujallar nan mu karanta.

Allah ya jiƙan Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya jiƙan kakanninmu da suka biya, ya ba mu ikon riƙe amanar da za a ɗora mana. Amin.